Shafin gida na buɗewa da lamba amma ya ƙi da suna: ina gizo ke saƙar?

Me ya sa shafin da ke cikin kwamfutar ofishinku, wadda ga ta nan kan tebur kana jin ƙarar fankarta, yake buɗewa in ka rubuta 192.168.1.20, amma in ka rubuta sunan da aka raɗa masa sai waya ta ce maka "Ce site est inaccessible"? Me ya sa kuma wanda ya buɗe lafiya lau jiya da la'asar, yau da safe ko lambar ma ba ta kai ka?

Tambayar ta yi yawa a Yamai cikin shekarun nan, kuma da dalili. Wifi zon ya cika unguwanni, Starlink ya shigo ƙasar a 2025, kyamarorin tsaro sun zo hannun mai ƙaramin ƙarfi, sannan lakwal mai zaman kanta, farmasi da shagon sari kowa na son manhajar da za ta riƙe masa lissafi. Hanya mafi araha ita ce a ɗauko tsohuwar kwamfuta a ajiye a kusurwa, a sa mata manhajar Apache ko Nginx mai miƙa shafuka, ta zama uwar garke, wato serber a bakin masu sana'ar, sauran wayoyi su riƙa shiga ta wifi. Ranar da abin ya tsaya, hukuncin da ake yankewa a fada bai wuce uku ba. Wasu su ce rezo ne, wasu su ce yaron da ya haɗa bai ƙware ba, wasu kuma su ce ai sai an sayi suna a intanet. Na ukun nan ya fi cin kuɗin mutane a banza, shi ya sa zan daɗe a kansa in mun iso.

Ɗan yayata mai karatun kwamfuta ya haɗa wa wata lakwal a Bukoki irin wannan, don malamai su riƙa shigar da makin ɗalibai daga wayoyinsu. Wata biyu abin na tafiya sumul. Ran nan cikin zafin Afrilu, ana gobe raba takardun sakamako, aka ɗauke kuran da hantsi, aka dawo da shi bayan azahar, shafi ya ce bai san zance ba. Yaron ya kira ni murya na rawa.

"Kawu, wallahi ban taɓa komai ba. Ga direkta tsaye a kaina, malamai na jira."

"Kwamfutar ta tashi?"

"Ta tashi. A kanta ma shafin na buɗewa."

"To manhajarka lafiyarta ƙalau. Duba mini lambar da take ɗauke da ita yanzu."

Ya yi shiru, ina jin ƙarar madannai. Can sai ya ce, "Kawu, ta koma 23."

Suna ba a jikin na'ura yake ba

Na'urori ba sa kiran juna da suna, lamba suka sani, wadda ake ce wa adireshin IP. Duk sa'ad da ka rubuta suna a burauza, wayarka sai ta fara tsayawa ta tambayi wani: wannan sunan, wace lamba ce tasa? In an amsa mata ta wuce. In ba a amsa ba nan za ta tsaya, ko da shafin taku biyu ne tsakaninsu. Tsarin da ke kula da wannan tambaya da amsa shi ne DNS.

Farkon al'amari ba haka ake yi ba. A zamanin ARPANET, kakar intanet, sunayen dukkan kwamfutocin da ke haɗe suna cikin fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler ke riƙe da shi a cibiyar SRI ta Kalifoniya, kowa ya riƙa kwafa. Da na'urori suka yi yawa fayil ɗaya ya kasa, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, aka raba aikin hawa-hawa. A sama akwai tushe, mai uwayen garke masu sunaye 13. Su suka san wa ke riƙe da .com, wa ke riƙe da .ne na Nijar da .ng na Nijeriya. Waɗannan kuma su nuna ka ga wanda ke riƙe da sunan da kake nema. Amsar in ta zo tana da wa'adi, na'ura ta ajiye ta har ya cika kafin ta sake tambaya. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci ka gyara abu amma waya ta ci gaba da zuwa tsohon wuri.

Wanda ya tuna 4 ga Oktoba 2021 ya ga ƙarfin abin. Facebook, WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa 6. Muna ta kashe waya muna kunnawa, muna zargin forfe, alhali wani kuskuren saiti ne a can ya yanke hanyar zuwa na'urorin da ke amsa sunayensu. Shafukan na nan, mai nuna hanya ne ya ɓata.

Saboda haka in suna ya ƙi aiki a gidanka, abin tambaya guda ne: wa wayar ta tambaya, kuma shi wanda ta tambaya, an taɓa gaya masa?

Kowane gida da Autansa

Adireshin IP na tsohon tsari, IPv4, bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, duniya kuwa ta fi haka na'urori. Tun 1994 aka ware rukuni uku na lambobi aka ce na cikin gida ne, kowa ya yi amfani da su yadda ya so: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168.

Lambar cikin gida kamar Auta ce. A tsakar gidanku in an ce Auta, ba mai tambayar wanne. Amma je ka tsaya bakin kasuwar Wadata ka ce kana neman Auta, ka ga yadda za a kalle ka. Lambar 192.168.1.20 ta lakwal ɗin Bukoki, akwai irinta a wani butik a Yantala, akwai a Tawa, akwai a Paris. Masu amsa suna na waje, su 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare, ba su da labarin sunan da kuka raɗa wa kwamfutarku a ɗaki. Ka tambaye su sau dubu, "babu" za su ce. Ita ce amsar da Chrome ke nunawa da ƙananan baƙaƙe a ƙasan allo: DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN. Ya kamata a riƙa karanta wannan layin, don yana raba gardama. In shi ka gani, matsalar suna ce. In ERR_CONNECTION_REFUSED ka gani, an samu na'urar, ita ce ta ƙi buɗe ƙofa. In ERR_CONNECTION_TIMED_OUT ne, an je inda aka kwatanta an yi ta sallama ba wanda ya amsa.

Abin da ɗauke kuran ke yi wa lambobi

Bokis ɗin wifi shi ke raba lambobin cikin gida, ta wani tsari da ake kira DHCP. Aro yake bayarwa, na ɗan lokaci. Ƙananan bokis da yawa, da an ɗauke kuran, sun manta wa suka ba me. In wuta ta dawo, wayoyi ne ke fara isa, tun da su ba su mutu ba, batirinsu na nan. Tsohuwar kwamfuta kuwa sai ta yi mintuna tana nishi kafin ta tashi. Kafin ta iso, wayar wani mushe ta riga ta karɓi 20, ita sai a miƙa mata 23. Malamai na ta buga 192.168.1.20, ba su sani ba wayar abokin aikinsu suke ƙwanƙwasawa, tana cikin aljihunsa.

A ƙasashen da wuta ba ta yankewa, bokis kan yi wata da watanni bai mutu ba, matsalar ba ta cika fitowa fili ba, shi ya sa yawancin darussan da yaranmu ke koyo a YouTube ke wuce ta da sauri. A nan kuwa, lokacin zafi, ita ce ta farko.

Maganinta ba ya cin ko dala. A shiga saitin bokis, a nemi inda aka rubuta "Réservation d'adresse" ko "Bail statique", a ɗaure lamba guda ga adireshin MAC na uwar garken, wato lambar da aka haife ta da ita a jikin katinta. Daga ranar, 20 tata ce ko ta makara. Kafin a yi wannan, duk wata maganar suna gini ne a kan rairayi, don suna lamba yake nunawa, in lambar ta gusa ya nuna fili.

Hanyoyin raɗa suna a cikin gida

Ta farko ita ce gadon HOSTS.TXT. Har yau kowace kwamfuta na da ɗan fayil mai suna hosts, a Windows yana C:\Windows\System32\drivers\etc, a Linux da Mac yana /etc. Ka rubuta lamba, ka bar fili, ka rubuta suna, shi ke nan. Kwamfutar kan duba nan kafin ta tambayi kowa. Ga ofis mai kwamfuta biyu ko uku ya isa. Amma kamar lambar da ka ajiye a wayarka ce, kai kaɗai ka san wanda ka rubuta wa "Alhaji mai siminti". Kowace na'ura sai an bi ta an rubuta mata, kuma wayar Android ko iPhone ba ta barin mai ita ya taɓa wannan fayil sai an fasa tsaronta. A wurin da kowa da waya yake aiki, hanyar ta mutu tun kafin a fara.

Ta biyu ita ce kira a tsakar gida. Sunan da ya ƙare da .local ba a tambayar kowa shi, waya ce ke ɗaga murya ga duk wanda ke kan wifi ɗin: wa ake kira lakwal a nan? Mai sunan ya amsa da kansa, ga ni, ga lambata. Sunan tsarin mDNS. Apple ya yaɗa shi da sunan Bonjour, a Linux manhajar Avahi ke yinsa, an kuma tabbatar da ƙa'idarsa a 2013. Shi ya sa sabuwar Raspberry Pi, ƴar ƙaramar kwamfutar nan, ke amsa raspberrypi.local ba tare da an saita komai ba. Daɗinsa ko lamba ta canja sunan na bin ta. Aibinsa murya ba ta tsallake katanga. In an ƙara bokis na biyu don wifi ya kai azuzuwan baya, aka bar shi yana raba nasa lambobin, waɗanda ke bayansa ba za su ji kiran ba. Wifin baƙi da na wifi zon kuma galibi an hana na'urori jin juna da gangan. Sannan Android bai fara gane .local ba sai wajen siga ta 12, wayoyin da suka girmi haka kuwa ba su ƙare a hannun mutane ba.

A nan ne rikicin "ai a kwamfutata yana yi" ke fitowa. Kwamfutocin Windows na da tsofaffin hanyoyinsu na gane juna da suna. Mai haɗawa ya gwada a tasa ya ga ya buɗe, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Hajiya mai farmasi ta gwada a wayarta, shiru. Kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa.

Ta uku, wadda ni na fi amincewa da ita, ita ce a sanar da mai unguwa. Tun da bokis ne wayoyi ke fara tambaya, shi ya kamata a gaya wa cewa suna kaza lamba kaza ce. Masu bokis ɗin MikroTik, wanda ƴan wifi zon suka sani sarai, suna da wurin rubuta wannan a sashen DNS. Bokis mai tsarin OpenWrt ma haka, da dnsmasq, manhajar amsa sunaye, a cikinsa. Amma ƙananan bokis da ake saye tare da layi, da yawansu ba su da wannan gurbi. Sai a sa dnsmasq ko Pi-hole a kan uwar garken kanta, a umarci bokis ya riƙa tura kowa can in yana da tambaya. Wannan na da farashin da ya kamata a gaya wa mai wuri tun farko: ranar da kwamfutar ta mutu, gidan duka zai ga kamar intanet ya yanke, tun da mai amsa tambaya ne ya kwanta. In za a bi nan, a haɗa ta da bokis a kan batir ɗaya.

Ƙarshen sunan ma abin lura ne

Ba kowane suna ake ɗauka ba. Wanda ya raɗa wa kwamfutarsa suna mai ƙarewa da .com alhali bai saya ba, ya ɗauki sunan da wataƙila yana da mai shi. Ranar da wayar malami ta tambayi waje, gidan wani za a kai shi. An ga irin wannan a fili. Shekaru masu rubuta manhaja na amfani da .dev a kwamfutocinsu kamar gadon gidansu, sai Google ya mallake shi, a ƙarshen 2017 Chrome ya fara tilasta masa haɗi mai makulli, wato https, shafukan gwaji na ɗimbin mutane suka daina buɗewa dare ɗaya.

Akwai waɗanda aka keɓe don gida, ba za a taɓa sayar da su ba: home.arpa tun 2018, da .internal da ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta ware a 2024. Kada kuma a rubuta sunan .local a cikin bokis, na kiran tsakar gida ne, in an gauraya su wasu na'urori su gane wasu su ruɗe. Wani ƙaramin abu mai ɓata rai: in ka rubuta kalma ɗaya tak, ko sunan da burauza bai saba da shi ba, sai ya ɗauka bincike kake ya kai ka Google. A sa http:// a gaba, a ajiye wa mutane shafin a fuskar waya, a huta.

Wayar da ba ta tambayar ƴan gida

An yi komai daidai, wayoyi tara na shiga, ta goma ta ƙi. Yawanci ita ta zaɓi ta tsallake bokis ta tambayi bare. Tun Android 9 akwai saitin "DNS privé", kuma samari da yawa sun sa masa adireshin wani mai toshe talla, sun manta. Wayar da ke haka ba ruwanta da abin da bokis ya sani. Mai VPN a kunne ma haka.

Akwai kuma tarkon da masu haɗawa ke haƙa wa kansu da kyakkyawar niyya. Su sa mai amsar cikin gida a gurbi na farko, su sa 8.8.8.8 a na biyu, wai ko da na farko ya faɗi. Na'ura ba ta yi alkawarin bin layi ba, wani lokaci na biyun take tambaya, ya ce babu, ta riƙe "babu" ɗin na ɗan lokaci. Sakamakon shi ne shafi mai yi yau ya ƙi gobe, irin matsalar da ke sa a fara zargin aljanu.

Na ƙarshe ya fi ba ni dariya. Forfen bokis ya ƙare, wifi na nan amma ba intanet a bayansa. Shafin cikin gida ba ya buƙatar intanet ko kaɗan, amma waya ta ga wifin "ba komai", ta sulale ta koma kan datar layinta ba sallama. Daga can kuwa Autan gidanku ba ya kiruwa. A kashe data, shafi ya buɗe.

Sayen suna ba ya buɗe ƙofa

Yanzu ga maganar da na yi alkawari. Alhaji na son ya ga cinikin shagonsa yana Maraɗi, aka ce masa ya sayi suna. Ya nemi mai katin banki, ya biya ƴan jikkunansa, ya samu suna mai kyau. Shafi bai buɗe ba.

Abin da ya saya layi ɗaya ne a rajistar duniya: suna kaza, lamba kaza. To wace lamba za a rubuta? Ta cikin gida ba ta da amfani a waje. Sai lambar fili, wadda kamfanin layi ya ba bokis, wadda dukkan na'urorin gidan ke fita da ita. Bokis a nan zaure ne. Ƴan gida na fita ta nan, amsar aikensu na dawowa ta nan. Amma baƙon da ba a aika a kira ba, in ya yi sallama, yaron da ke zaure bai san ɗakin da zai kai shi ba sai an riga an gaya masa: duk wanda ya zo ta ƙofa ta 80 ko ta 443, wato ƙofofin masu neman shafi, kai shi wurin mai lamba 20. Wannan ne "Redirection de ports" a saitin bokis. Ita ma lambar filin tana canjawa, shi ya sa ake da irin su No-IP da DuckDNS, masu sabunta rajistar duk sa'ad da ta sauya.

Duk wannan in har zauren naka ne. A Fabrairun 2011 rumbun IPv4 na duniya ya ƙare, AFRINIC mai raba wa Afirka daga tsibirin Morishas ita ma da awo take bayarwa yanzu. Kamfanoni suka koma haɗa masu layi da yawa a bayan lamba guda, abin da ake kira CGNAT, har aka ware masa rukunin 100.64 zuwa 100.127 a 2012. Yawancin bokis masu katin SIM haka suke, haka ma tsarin Starlink na gama-gari. Ka zama ɗan haya a babban gida mai ƙofa ɗaya, kuma mai gadin ba naka ba ne balle ka ba shi umarni. Gane shi ba wuya: duba lambar da bokis ya nuna a sashen WAN, ka gwada da wadda shafukan duba adireshi ke nuna maka. In sun bambanta, ko ta bokis ta faɗa cikin rukunin can ko ta fara da 10, ko suna goma ka saya baƙo ba zai iso ɗakinka ba. Wannan gwajin na minti biyu ya kamata a yi kafin a karɓi kuɗin kowa.

Mafita akwai. A nemi lambar fili daga kamfani in yana sayarwa. Ko IPv6, sabon tsari mai yalwar lambobi, in har ɓangarorin biyu na da shi. Ko a haƙa rami daga ciki: uwar garke ita ce za ta fita ta kama hannun wata na'ura a waje ta riƙe, baƙi su biyo ta nan, kamar yadda Cloudflare Tunnel da Tailscale ke yi. Kyamarorin da ake haɗawa da waya ta hoton QR dabarar da suke yi ke nan, shi ya sa suke aiki a kowane layi. Mai su dai ya sani cewa na'urorin kamfanin da ya ƙera su, a wata ƙasa, su ne ke tsakaninsa da tsakar gidansa.

Akwai kuma juyin abin, mai ɗaure kai: shafi na buɗewa daga Maraɗi, amma a cikin shagon ya ƙi. Waya ta tambayi sunan, an ba ta lambar fili, ta fita zaure ta juyo tana sallama da ɗan gidansu. Wasu bokis sun iya mayar da irin wannan ciki, wasu ba su iya ba. Gyaran shi ne suna ɗaya amsa biyu: bokis ya riƙa ba ƴan gida lambar ciki, duniya ta ba na waje ta fili.

"Non sécurisé" da gardamar buɗe ƙofa

Gargaɗin da burauza ke nunawa kusa da sunan yana tsorata masu wuri. Takardar shaidar da ke kawar da shi, wadda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta, ba a ba da ita ga .local ko home.arpa, tun da ba mai iya tabbatar da cewa nasa ne shi kaɗai. A nan ne kawai sayen suna ke da amfani ga shafin da ba ya fita waje: da sunan da ka mallaka kana iya karɓar takardar ta hanyar rajistar DNS, ba tare da ka buɗe ƙofa ko ɗaya ba. In shafin na ɗauke da kalmar sirri kuma baƙi na hawa wifin, ya cancanci wahalar.

Masu sana'ar sun kasu. Akwai masu cewa a bar suna gaba ɗaya, a ɗaure lamba a rubuta ta a bango. Ba su yi ƙarya ba, abin da ba a haɗa ba ba ya lalacewa. Sai dai manhajoji irin WordPress da Moodle na haddace adireshin da aka kafa su da shi, ranar da aka sauya bokis lambobi suka koma 192.168.8 ko 192.168.100, sai an bi ciki ana tono. Da suna aka kafa su, layi ɗaya za a gyara. Wasu kuma na cewa a kai komai uwar garken haya a waje a huta da kuran da ƙura. Hutu ne, har ranar da intanet ya yanke mai farmasi ya kasa duba farashin maganin da ke gabansa.

Ni inda na tsaya, kada a buɗe ƙofa ga duniya sai da buƙata ta gaske. Duk lambar fili, dare da rana akwai manhajoji masu bin ta suna taɓa ƙofofi. A Oktoban 2016 wata cuta mai suna Mirai ta tara ɗimbin kyamarori da bokis na gidaje waɗanda aka bari da kalmar sirrin kamfani, aka afka da su kan Dyn, wani babban mai amsa sunaye a Amurka, Twitter da Netflix suka ɓace wa jama'a na sa'o'i. Makin ɗalibai, lambobin iyayensu da takardun marasa lafiya amana ce, Nijar na da hukumar HAPDP mai kula da irin waɗannan bayanai, kuma tsohuwar kwamfutar da ba a sabunta ta ba tun da aka saye ta a Katako ba mai gadi ba ce. In mutum biyu ko uku ne ke son shiga daga nesa, ramin da su kaɗai ke da makullinsa ya wadatar.

A lakwal ɗin Bukoki, ranar dai malamai da 23 suka gama aikinsu. Asabar ta zagayo muka koma ni da yaron, muka ɗaure 20, muka sa dnsmasq, muka jona bokis da kwamfutar kan batir ɗaya, shafi ya zama maki.home.arpa. Direkta ya tambaya ko nawa zai biya na sunan.

"Ba a biya, ranka ya daɗe."

Ya dube ni, ya dubi yaron, bai gamsu ba. Muna haɗa kaya sai ga mushen lissafi da wayarsa a hannu, ya ce tasa har yanzu ta ƙi. Yaron ya karɓa, bai ko kalle ni ba, ya nufi saitin "DNS privé".